Bankin da gwamnati ta ba wa lasisi, shi ne bankin gwamnati?

Sagir_Dalibi
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana harkar kuɗi da ke cikinmu. Gardama muke yi da wani abokina. Shi a ganinsa duk bankin da ke aiki a fili na gwamnati ne ta wata fuska, tunda ita ta ba shi izini, ita ke sa masa ido, in ya durƙushe kuma ita ake kira. Ni kuma na tsaya a kan cewa bankin da gwamnati ta ba wa lasisi daban, bankin da ta mallaka daban. Don Allah a warware mana. Sannan a cikin biyun, wanne ya fi aminci ga mai ajiya?

Akanta_Hauwa
Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Kai ke da gaskiya. Lasisi izini ne kawai. Doka ba ta yarda kowa ya buɗe ƙofa ya fara karɓar ajiyar mutane ba, sai hukuma ta duba jarin da ya tara, ta binciki waɗanda za su tafiyar da wajen, ta ga tsarin aikinsu, sannan ta sa hannu. Wannan ya hau kan kowane banki. Mallaka kuwa maganar hannun jari ce: wa ya zuba kuɗin kafa bankin, wa ke naɗa shugabanninsa, aljihun wa riba ke shiga a ƙarshen shekara. Ka ce wa abokinka gwamnati ce ke ba direba lasisin tuƙi, tana iya ƙwacewa in ya karya doka, amma motar ba tata ba ce. Duk bankin gwamnati yana da izinin gwamnati, amma mafi yawan bankunan da ke da izinin ba nata ba ne.

Mai_Nazari77
Hajiya, ni ban gamsu ba. Direba in motarsa ta lalace shi kaɗai ta shafa. Banki fa? Hukuma ce ke yanke masa yawan kuɗin da zai ajiye gefe kada ya taɓa, tana iya hana shi raba riba, a ƙasashe da dama ma tana iya sauke shugabansa ta naɗa wani. Wanda ke da irin wannan iko a kan dukiyarka, me ya rage a ce shi ne mai ita? Ina bayan abokin Sagir.

Akanta_Hauwa
@Mai_Nazari77 abin da ya rage shi ne riba da asara. Hukumar da ke sa ido ba ta samun ko sisi daga ribar da aka raba wa masu hannun jari, kuma ranar da bankin ya faɗi jarin masu shi ne ke fara ƙonewa. Iko a kan abu da mallakar abu ba ɗaya ba ne.

Malam_Tarihi
Bari in sa baki ta ɓangaren tarihi, domin a can ruɗanin ya samo asali. A da, kafin a sami doka ɗaya da kowa zai bi ya kafa kamfani, banki ba ya tsayuwa a matsayin kamfani sai sarki ko majalisa sun ba shi takarda ta musamman da sunansa. A cikin takardar ake rubuta abin da aka yarje masa, da shekarun da izinin zai yi. Kuma ba kyauta ake bayarwa ba.

Ku dubi Bankin Ingila. A 1694 gwamnatin Sarki William na Uku tana yaƙi da Faransa, baitulmali ya bushe. Wasu attajirai suka haɗa fam miliyan 1.2 suka ranta mata, ita kuma ta saka musu da takardar izinin kafa banki. Sunan ƙasa yake ɗauke da shi, shi ke riƙe da asusun gwamnati, daga baya ma shi ke buga takardun kuɗi, amma duk da haka na masu hannun jari ne. Sai a 1946, zamanin Firaminista Clement Attlee, gwamnati ta saye hannun jarin ya koma nata. Wato shekara 252 yana aiki da izinin sarauta ba tare da gwamnati ta mallake shi ba.

A Amurka ma haka. Bankin farko na ƙasa, wanda sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya tsaya kai da fata aka kafa a 1791, jarinsa dala miliyan 10 ne, gwamnati ta riƙe miliyan 2 kacal, sauran na 'yan kasuwa. Izinin shekara 20 aka ba shi. Da wa'adi ya cika a 1811 majalisa ba ta sabunta ba, bankin ya rufe. Aka kafa na biyu a 1816. Shugaba Andrew Jackson ya hau kujerar na ƙi a kan sabunta izininsa a 1832, izinin ya ƙare a 1836. Abin lura a nan, bankin bai mutu nan take ba, sai ya je ya karɓi izini daga jihar Pensilbaniya ya ci gaba, har ya durƙushe a 1841. Mai ba da izini ya sauya, amma bankin yana nan a hannun 'yan kasuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abu biyu ne.

Ummu_Aisha
Allah ya ƙara basira, Malam. To ashe sunan Standard Chartered ma daga nan ya fito?

Malam_Tarihi
Ƙwarai, Ummu Aisha. Ɗaya daga cikin bankuna biyun da suka haɗe a 1969 suka zama shi ya sami takardar izinin sarauta daga Sarauniya Biktoriya a 1853, daga nan kalmar Chartered, wato mai takardar izini, ta shiga sunansa. Bankin 'yan kasuwa ne tun farkonsa.

Dan_Kasuwa_Bala
Ni a tunanina abin mai sauƙi ne. Ka duba suna. Bank of America na gwamnatin Amurka, Deutsche Bank na gwamnatin Jamus, Bank of China na gwamnatin Sin. In ka ga sunan ƙasa, ka san na ƙasa ne.

Injiniya_Nura
Alhaji Bala, a cikin ukun da ka kawo ɗaya ne kawai ya dace. Bank of America na masu hannun jari ne, asalinsa ma wani ɗan baƙi 'yan Italiya, Amadeo Giannini, ya kafa shi a San Faransisko a 1904 da sunan Bank of Italy. Deutsche Bank ma na 'yan kasuwa ne tun 1870, babban bankin Jamus shi ne Bundesbank. Bank of China ne gwamnati ke da rinjaye a cikinsa, kuma shi ma ba shi ne babban bankin ƙasar ba.

Tunda an taɓo Amurka, can ne abin ya fi rikita mutane, saboda hanya biyu ce ta samun lasisi. Mai son kafa banki zai iya zuwa wajen gwamnatin tarayya, ofishin da ake kira OCC wanda aka kafa a 1863, ko kuma ya je wajen hukumar jiharsa. Wanda tarayya ta ba wa izini ana ce masa bankin ƙasa, za ka ga haruffan N.A. a ƙarshen sunansa, irin su JPMorgan Chase Bank, N.A. Wanda jiha ta ba wa ana ce masa bankin jiha. Ba ɗaya daga ciki da ke nufin mallaka. Duka na 'yan kasuwa ne, bambancin kawai wace hukuma ce ke zuwa duba littattafansu.

Sagir_Dalibi
Injiniya, me ya sa suka bar hanya biyu? Ba gara ɗaya ba?

Injiniya_Nura
Gado ne na tarihi, ƙanena. Bayan abin da Malam_Tarihi ya faɗa na 1836, jihohi ne kaɗai suka rage suna ba da izini, kuma bankuna suna buga takardun kuɗinsu da kansu. Sai ka ga takardar wani banki ana karɓarta a cike a garinsu, a wata jiha kuma a rage mata daraja ko a ƙi ta gaba ɗaya. Lokacin yaƙin basasa gwamnatin Lincoln ta fito da lasisin tarayya, sannan a 1865 aka ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan takardun kuɗin bankunan jihohi. Aka zaci za su mutu. Suka daina buga kuɗi, suka koma dogaro da ajiya da cak, suka rayu. Har yau bankunan da ke da lasisin jiha sun fi na tarayya yawa.

Mai_Nazari77
To babban bankin Amurka fa? Kullum muna jin ana cewa na 'yan kasuwa ne. In babban banki ma ba na gwamnati ba ne, ai ka ga layin da Hajiya Hauwa ta ja bai miƙe ba.

Akanta_Hauwa
Wannan kam tsaka-tsaki ne, na yarda. Majalisa ce ta kafa shi da doka a 1913. Yana da bankunan yanki 12, kuma bankunan kasuwanci da ke cikin tsarin suna riƙe da hannun jari a cikinsu. Amma irin hannun jarin da ba a sayarwa a kasuwa ne, ribarsa doka ta ƙayyade, rarar da ta rage kuma baitulmali ake miƙa wa. Gwamnoni bakwai da ke saman tsarin shugaban ƙasa ke zaɓo su, majalisar dattawa ta tabbatar. Saboda haka mai cewa na 'yan kasuwa ne ya faɗi rabi ya bar rabi. Babban bankin Afirka ta Kudu da na Suwizalan ma suna da masu hannun jari daga cikin jama'a, amma ba su ke yanke manufar kuɗi ba. Shawarata mu ware babban banki gefe, aikinsa daban ne, ba ya cikin abin da Sagir ke tambaya.

Zainab_Ilimi
Ko a nan ma suna yana yaudara. State Bank of Pakistan babban banki ne. State Bank of India kuma bankin kasuwanci ne da kowa ke buɗe asusu, gwamnati ke da fiye da rabin hannun jarinsa.

Injiniya_Nura
Kada in manta, a cikin jihohi 50 na Amurka akwai guda ɗaya da ke da banki nata na kanta, Dakota ta Arewa. Labarinsa yana burge ni. Manoman alkama ne suka gaji da tsadar rancen da ke zuwa musu daga manyan bankunan wajen jihar, suka kafa ƙungiyar siyasa, suka ci zaɓe, suka kafa bankin a 1919 da jarin dala miliyan 2. Kuɗin harajin jihar a cikinsa ake ajiyewa. Gwamna da babban lauyan jiha da kwamishinan noma su ke kula da shi. Ofishi ɗaya gare shi, a Bismarck, ba ya bin unguwa-unguwa yana gasa da ƙananan bankuna. In ƙaramin banki ya sami mai neman rancen da ya fi ƙarfinsa, sai bankin jihar ya shigo ya ɗauki wani kaso. Wani ɓangare na ribarsa kuma yana komawa asusun jiha. Ajiyar da ke cikinsa ma ba ta ƙarƙashin inshorar tarayya, jihar ce da kanta ta tsaya mata. Wannan shi ne bankin jiha a ma'anar mallaka.

Baba_Mai_Ritaya
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni na yi aiki a bankin da gwamnati ta mallaka har na yi ritaya, a sashen ba da rance. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki, domin bambancin lasisi da mallaka a kan teburin ma'aikaci ake ganinsa.

Mai sa ido yana zuwa ne lokaci-lokaci, ya buɗe fayil, ya tambaye ka ina jinginar wannan bashi, me ya sa wancan ya wuce wa'adi ba a rubuta shi cikin masu matsala ba. Ba zai taɓa ce maka ba wane rance ba. Mai banki kuwa yana iya faɗa. In gwamnati ce mai bankin, to masu faɗar suna da yawa, kuma suna sauyawa duk bayan zaɓe. Fayil zai iso gabanka da ɗan guntun takarda maƙale a goshinsa, babu sa hannu, an rubuta "a duba da gaggawa". Ka ɗauki mota ka je ganin masana'antar da aka ce za a faɗaɗa, ka tarar da fili an kewaye shi da waya, sai allon suna da ɗakin maigadi. Ka dawo ka rubuta abin da ka gani. Bayan mako biyu ka ji an amince da rancen daga sama. Irin wannan bashi ba ya dawowa, domin wanda ya karɓa tun farko bai ɗauke shi bashi ba, rabonsa ya ɗauke shi.

Amma ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Mun buɗe rassa a wuraren da babu ɗan kasuwar da zai kai kuɗinsa. Mun ba ƙananan manoma rance muka tsara biyan ya zo bayan girbi, kuma wallahi sun fi manyan biya. Abin da ya ci mu daga sama ya zo, ba daga ƙasa ba.

Ummu_Aisha
Baba, Allah ya saka da alheri. Maganarka ta ƙarshe ta taɓa ni. Mahaifiyata a ƙauye mai nisa take, kuma reshe ɗaya tilo da ke kusa da su na bankin gwamnati ne. Ɗaki biyu ne da kanta ɗaya, ma'aikaciyar ta san tsofaffin da sunayensu, ita ke cike musu takarda su dangwala yatsa. Layi yana da tsawo, na'ura takan tsaya, amma a nan take karɓar fanshon mahaifinmu. Da riba kaɗai ake bi, da ba a buɗe wajen ba. Shi ya sa in na ji ana cewa a sayar da duk bankunan gwamnati, ita nake fara tunawa.

Dan_Kasuwa_Bala
Hajiya, ai yanzu waya ta magance wannan. Ba sai an gina reshe ba.

Ummu_Aisha
Alhaji, ga wanda ya iya karatu kuma yake da sabis. Tsohuwar da ba ta gani sosai fa?

Zainab_Ilimi
Abin da Baba da Ummu Aisha suka faɗa, Indiya ta gwada shi a babban mataki, kuma duka fuskokin biyu sun bayyana. Ranar 19 ga Yuli 1969 gwamnatin Indira Gandhi ta mayar da manyan bankuna 14 hannun gwamnati, aka ƙara 6 a 1980. Hujjarta ita ce bankunan suna zaune a birane suna ba manyan masana'antu rance, manomi ba ya gani. Rassa kuwa sun yawaita, daga kusan 8,000 a 1969 zuwa kimanin 60,000 a farkon shekarun 1990, da yawansu a karkara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai bashin da ba a biya ba ya yi ta taruwa, har a Oktoba 2017 gwamnati ta sanar da shirin zuba kuɗin Indiya rufi tiriliyan 2.11 don ƙarfafa jarinsu. An yi ta haɗe su, yanzu 12 suka rage. Kuma akasarin bashin da ya lalace a wannan zagaye na manyan kamfanoni ne, daidai da abin da Baba ya gani.

Sin ma ta sha irin wannan. Manyan bankunanta huɗu na gwamnati ne, a 1999 sai da aka kafa kamfanoni huɗu na musamman don su kwashe musu ruɓaɓɓun basussuka. Daga baya aka sayar da wani kaso na hannun jarinsu a kasuwa, ɗaya daga cikinsu, ICBC, ya shiga kasuwar hannun jari a 2006, amma rinjaye yana hannun gwamnati har yau. Saboda haka ganin banki a kasuwar hannun jari ma ba ya nufin ya fita daga hannun gwamnati.

Abu_Yusuf
Ni tambayata daban ce. In bankin na gwamnati ne, kuɗin ruwan da yake karɓa hukuncinsa ya sauya? Na taɓa jin wani na cewa tunda dukiyar al'umma ce babu laifi.

Ustaz_Kabiru
Ɗan'uwa Abu Yusuf, hukunci yana bin yadda aka ƙulla cinikin ne, ba wanda ya mallaki bankin ba. Akwai bankunan gwamnati masu aiki da ruwa, akwai na 'yan kasuwa marasa ruwa. Bankin Raya Ƙasashen Musulunci da ke Jidda, wanda ya fara aiki a 1975, gwamnatocin ƙasashe mambobi ne suka mallake shi kuma a kan tsarin shari'a yake tafiya. Ka ga mallaka hanya ɗaya, tsarin ciniki wata hanya. Amma wannan babi ne mai faɗi, ya cancanci a buɗe masa zaure nasa.

Shugabar_Zaure
Haka ne, Ustaz. Abu Yusuf, ka buɗe sabon zance a kan wannan. Mu koma kan tambayar Sagir ta biyu, ba a amsa ta ba: wanne ya fi aminci ga mai ajiya?

Hadiza_M
Zan ba da nawa labarin. Ina da ajiya a wani ƙaramin banki na 'yan kasuwa, lasisinsa a rataye cikin gilashi a bayan kanta, da tambarin hukuma. Ni duk zatona wannan tambarin yana nufin gwamnati ta tsaya wa kuɗina gaba ɗaya. Wata safiya muka je muka tarar da ƙofa a kulle da sanarwa a manne. Hukumar inshorar ajiya ta biya mu, amma iya adadin da doka ta yanke. Nawa bai kai iyakar ba, na samu cif. Wata da muka tsaya layi tare nata ya haura, aka ce sauran sai an sayar da kadarorin bankin. Ranar na ga hawayen babbar mace.

Akanta_Hauwa
Sannu 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Labarinki shi ne amsar. Lasisi ba alkawarin biya ba ne. Abin da ke kare mai ajiya a bankin 'yan kasuwa shi ne jarin bankin, da sa idon hukuma, sannan inshorar ajiya, ita kuma tana da iyaka. A Amurka dala 250,000 ce ga kowane mai ajiya a kowane banki, a Tarayyar Turai yuro 100,000. Bankin gwamnati kuwa ƙarfinsa ƙarfin gwamnatin da ke bayansa ne. In baitulmalinta na da lafiya, da wuya ta bar bankinta ya faɗi da kuɗin mutane. In ita kanta bashi ya yi mata katutu, sai ta biya ka a makare, ko ta buga kuɗi ta biya ka da abin da darajarsa ta zube.

Mai_Nazari77
Yawwa, an zo inda nake jira. Hajiya ta ce lasisi ba alkawarin biya ba ne. To a Maris 2023 da Silicon Valley Bank ya faɗi me ya faru? Jihar Kaliforniya ce ta ba shi lasisi, ita ta rufe shi ranar 10 ga wata, bayan kwana biyu hukumomin tarayya suka ce za a biya kowa duka, har waɗanda kuɗinsu ya haura iyakar inshora nesa ba kusa ba. A 2008 da 2009 kuma Birtaniya ta zuba fam biliyan 45.5 a Royal Bank of Scotland, har ta kai tana riƙe da kashi 84 cikin 100. Sai a Mayun 2025 ta sayar da ragowar hannun jarin, da asarar kimanin fam biliyan 10. In lokacin daɗi riba ta masu hannun jari ce, lokacin wuya kuma a juyo kan mai biyan haraji, to abokin Sagir bai yi nisa da gaskiya ba. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Malam_Tarihi
@Mai_Nazari77 ƙorafinka yana da tushe, kuma akwai misalin da ya fi waɗannan ƙarfafa maka gwiwa. Fannie Mae, kamfanin da ke sayen basussukan gidaje a Amurka, gwamnati ce ta kafa shi a 1938, a 1968 aka mayar da shi na masu hannun jari amma da izinin majalisa na musamman. A rubuce gwamnati ba ta tsaya masa ba. Masu ba shi rance kuwa duk sun ɗauka za ta tsaya, suka riƙa ba shi da sauƙi. A Satumba 2008 ya tangaɗa, gwamnati ta karɓi ragamarsa. Zaton mutane ya zama gaskiya.

Amma ka lura da abu ɗaya a misalinka na farko. An ceci masu ajiya a Silicon Valley Bank, masu hannun jari kuwa sun tashi a tutar babu. Da bankin gwamnati ne, wannan asarar jarin a kan baitulmali za ta faɗa tun daga sisin farko. Ranar da abu ya ɓaci ne ake sanin mai shi.

Mai_Nazari77
Na ji, Malam. Amma ga manyan bankunan da ake tsoron faɗuwarsu, ni har yanzu ina ganin mai biyan haraji abokin tarayya ne da ba a rubuta sunansa ba.

Injiniya_Nura
Kada kuma mu ɗauka mallakar gwamnati iri ɗaya ce ko'ina. Bankin KfW na Jamus, wanda aka kafa a 1948 don sake gina ƙasar bayan yaƙi, tarayya ke da kashi 80, jihohi 20. Ba shi da kanta da za ka je ka buɗe asusu, yawancin rancensa na cikin gida ta hannun bankunan kasuwanci yake bi, su ke tantance mai nema. A ƙasar dai, bankin WestLB, wanda wata jiha ke cikin manyan masu shi, ya shiga harkokin da suka fi ƙarfinsa, aka wargaza shi a 2012. Faransa ma ta ga haka da Crédit Lyonnais a farkon shekarun 1990, yana hannun gwamnati ya tafka asarar da aka daɗe ana biya. Ni abin da na lura, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne waɗanda aka ba aiki ƙayyadadde, aka kuma sa shinge tsakanin ɗan siyasa da teburin rance.

Sagir_Dalibi
Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. To a aikace, in ina son in san wani banki na wa ne, ina zan duba?

Akanta_Hauwa
Wuri biyu. Shafin intanet na hukumar da ke sa ido kan bankuna a ƙasar, a nan ake jera duk masu lasisi da irin lasisin kowanne, in ba ka ga suna a nan ba kada ka kai kuɗinka. Sai rahoton shekara na bankin, ka nemi shafin da aka jera manyan masu hannun jari. Ka kula, wani lokaci ba za ka ga sunan gwamnati kai tsaye ba, sai ma'aikatar kuɗi ko wani kamfanin zuba jari nata, kamar yadda Central Huijin ke riƙe wa gwamnatin Sin hannun jari a manyan bankunanta. Ka kuma duba ko bankin yana cikin tsarin inshorar ajiya, da iyakar abin da take biya.

Dan_Kasuwa_Bala
Baba Mai Ritaya, tambaya gare ka. Wannan guntuwar takarda da ka ce ana maƙalawa a fayil, a bankin 'yan kasuwa babu ita ke nan?

Baba_Mai_Ritaya
Akwai ta, Alhaji. Abokan aikina da suka koma can sun ba ni labari. Sai dai a can daga ofishin shugaban hukumar gudanarwa take fitowa, rancen kuma na kamfanin ƙaninsa ne ko na surukinsa. Shi ya sa dokokin banki suke iyakance abin da za a ranta wa daraktoci da makusantansu, kuma yana cikin abin da mai sa ido ke fara nema in ya zo. Matsalar da na gani a wajenmu ita ce mai sa idon da mai bankin duk gwamnati ɗaya suke yi wa aiki. Yaron da aka turo duba littattafanmu ya ga fayil ɗin masana'antar nan, ya rubuta shi a rahotonsa kamar yadda ya kamata, rahoton kuma ya tafi ma'aikatar da takardar ta fito.